Konrad Zuse: Injiniyan da ya ƙera kwamfuta a falon iyayensa, ya sake gina ta bayan shekara 50

A shekarar 1987, a garin Hünfeld da ke jihar Hessen ta ƙasar Jamus, wani dattijo ɗan shekara 77 ya baje takardun zane a ɗakin aikinsa, ya kama aikin da tsaransa da yawa za su ce ƙarfinsu ya wuce shi. So yake ya sake gina wata na'ura da ya ƙera tun yana saurayi, wadda bama-bamai suka ragargaza a Berlin fiye da shekara 40 kafin wannan lokaci. Ko guntun ƙarfe bai rage daga cikinta ba, zanen da aka bi aka ƙera ta ma ya ƙone tare da ita. Abin da ya saura a hannunsa shi ne 'yan hotuna, da takardun neman haƙƙin mallakar ƙirƙira da ya taɓa shigarwa, sai kuma abin da ƙwaƙwalwarsa ta riƙe.

Sunan dattijon Konrad Zuse, sunan na'urar kuwa Z1. A yau masana tarihin kimiyya na lissafa ta cikin kakannin kwamfutar da ke kan teburanmu. Duk mai sha'awar farfaɗo da tsohuwar kwamfuta ya san tambayar da ke jiransa da zarar ya kwance murfi: me za a bari yadda yake, me za a sauya, kuma bayan sauye-sauye nawa ne na'urar za ta daina zama ita ce ta asali? Zuse ya fuskanci wannan tambaya fiye da kowa, domin tare da na'urar yana neman ya dawo da sunansa cikin tarihin da ya kusa mantawa da shi. Tarihin nan kuwa yana da wani ɓangare da ƙarfe da ƙusa ba sa nunawa, wato gwamnatin da ta biya kuɗin ayyukansa da abin da ta yi da su.

Ɗan ma'aikacin gidan waya

An haifi Konrad Zuse a Berlin ranar 22 ga Yuni, 1910. Mahaifinsa Emil ma'aikacin gidan waya ne, aikin da ya sa iyalin suka yi ta ƙaura. Yana ɗan shekara biyu suka koma Braunsberg a gabashin Prussia, garin da yanzu yake cikin ƙasar Poland da sunan Braniewo. A 1923 suka sake ƙaura zuwa Hoyerswerda, inda ya kammala sakandare a 1928.

Abu biyu ne suka ɗauke hankalinsa tun yana yaro: zanen hotuna da harhaɗa ƙarafunan wasan yara da ake ɗaurewa da ƙananan ƙusoshi a fitar da injina. Da ya shiga Babbar Makarantar Fasaha ta Berlin da ke unguwar Charlottenburg, sai ya rasa wanda zai bi a cikinsu. Ya fara da karatun injiniyan injina, ya koma zanen gine-gine, daga ƙarshe ya tsaya a kan injiniyan gine-gine, ya sami takardarsa a 1935.

A wannan fanni ne ya haɗu da abin da ya gundure shi, wanda kuma ya zama silar aikin rayuwarsa. Kafin a gina gada ko rufin babban zaure, sai an lissafa nauyin da kowane ginshiƙi zai ɗauka. A wancan zamani da hannu ake yin wannan, injiniya ya zauna da fensir da injin ƙidaya na tebur yana cike gidajen takarda ɗaya bayan ɗaya, kwana da kwanaki. Zuse ya lura cewa tsarin lissafin ba ya canzawa, lambobin da ake zubawa ne kawai ke canzawa. Idan haka ne, ana iya rubuta matakan sau ɗaya, a miƙa wa inji ya riƙa maimaita su.

Da gama karatu ya sami aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Henschel da ke Schönefeld, kusa da Berlin, inda ya tarar da irin wannan lissafi na jiransa a kan fukafukan jirage. Bai daɗe ba ya ajiye aikin, ya shaida wa iyayensa cewa zai ƙera injin lissafi mai aiki da kansa, kuma falon gidansu yake so ya mayar wurin aiki. Suka amince.

Ƙarfe da zarto a falo

Daga 1936 zuwa 1938, a gidan haya na iyalin da ke unguwar Kreuzberg, aka gina Z1. Ba jami'a a bayanta, ba kamfani. Iyayensa da 'yar'uwarsa Lieselotte suka ba da abin da suke da shi, abokan karatunsa suka taimaka da kuɗi da kuma hannuwansu, wani mai sana'ar ƙera injinan ƙidaya mai suna Kurt Pannke shi ma ya tallafa. Abokan su ne ke zama da ƙaramin zarto suna yanka siraran fallayen ƙarfe bisa siffar da Zuse ya zana musu. Da aka gama, na'urar na ɗauke da sassa aƙalla 20,000, nauyinta ya kai kimanin tan ɗaya.

Abin da ya bambanta ta da injinan zamaninta shawarwari ne da saurayin ya yanke shi kaɗai, ba tare da ya san aikin Charles Babbage na Ingila da ya riga shi da shekara ɗari ba. Injinan ƙidaya na lokacin duk da lambobi goma suke aiki, daga sifili zuwa tara, kowace lamba da ƙafarta mai haƙora goma. Zuse ya zaɓi lissafin sifili da ɗaya kawai, domin ya fi sauƙi a ƙera abin da ke da matsayi biyu: fallen ƙarfe ko dai ya matsa ko bai matsa ba. Ya kuma raba kowace lamba gida biyu, gida ɗaya na riƙe da ainihin alƙaluman, ɗayan na nuna girman lambar, ta yadda na'ura ɗaya za ta iya sarrafa manyan lambobi da ƙanana ƙwarai. Wannan dabara ce kwamfutoci ke bi har yau. Ya ware ma'ajiyar lambobi daban da sashen da ke yin lissafi. Umarnin da na'urar za ta bi kuwa a jikin tsohon zaren fim na silima ake huda shi, saboda ya fi araha.

Z1 ba ta taɓa yin aiki yadda ake so ba. Fallen da aka yanka da hannu ba ya fita daidai da ɗan'uwansa, kuma idan dubbai suna goga juna, ɗaya kawai ya karkace sai komai ya cije. Tunanin daidai ne, kayan aikin ne suka gaza. Zuse ya fahimci haka, ya juya ga makunnan tarho, wato ƙananan makunnai da maganaɗisun lantarki ke buɗewa da rufewa, irin waɗanda ofisoshin tarho ke haɗa kira da su. Ana samun tsoffinsu da aka cire daga aiki, a gyara su a sake amfani da su. Abokinsa Helmut Schreyer, injiniyan lantarki, ya ba shi shawarar su yi amfani da kwalaben lantarki irin na cikin tsoffin rediyo, waɗanda suka fi makunnan sauri nesa ba kusa ba. A lokacin an ga abin kamar mafarki ne, saboda yawan kwalaben da za a buƙata.

Lokacin da gwamnati ta shigo

Duk wannan na faruwa ne a Jamus ta Adolf Hitler, wanda ya hau mulki a 1933. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, aka kira Zuse aikin soja. Bayan 'yan watanni aka sake shi, domin kamfanin Henschel na buƙatarsa a matsayin injiniya. Da rana yana aikin kamfani, da dare da ƙarshen mako yana kan na'urarsa. A 1940 ya nuna ta biyu, Z2, ga masana na Cibiyar Binciken Sufurin Sama ta Jamus, suka gamsu har suka amince su ɗauki wani ɓangare na kuɗin ta uku. Daga nan aikin falo ya zama aikin da gwamnatin 'yan Nazi ke da hannu a ciki.

Ranar 12 ga Mayu, 1941, Zuse ya gabatar da Z3 a gaban wasu masana a Berlin. Tana da makunnan tarho fiye da 2,000, tana ninka lamba da lamba cikin kimanin daƙiƙa uku, kuma tana bin umarnin da ke jikin zaren fim daga farko har ƙarshe ba tare da hannun mutum ba. Masana da yawa na ɗaukar ta a matsayin injin lissafi na farko a duniya da ya yi aiki da kansa bisa jerin umarni da ake iya sauyawa. Tana da rauni guda babba: ba ta iya duba sakamako ta zaɓi hanyar da za ta bi a gaba, sai dai ta bi layi ɗaya miƙe. Saboda haka ne har yau ake muhawara kan wadda ta cancanci sunan kwamfuta ta farko. Amma a kan lokaci, ta riga Colossus ta Birtaniya da Mark I ta Jami'ar Harvard, waɗanda suka fara aiki a 1944, ta kuma riga ENIAC ta Amurka da aka nuna wa duniya a 1946.

Zuse da Schreyer sun nemi hukumomi su ba su kuɗi da ma'aikata su gina na'ura mai kwalaben lantarki. Aka ƙi, domin masu mulki ba su ga amfanin da za ta yi wa yaƙi cikin gaggawa ba. Sau da yawa ana kawo wannan labari don nuna cewa 'yan Nazi ba su san darajar Zuse ba. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan, domin akwai aikinsa da suka ga amfaninsa, suka kuma yi amfani da shi.

A Henschel, Zuse na aiki ne a sashen Farfesa Herbert Wagner, wanda ke ƙera Hs 293, wani bam mai fukafukai da jirgin sama ke saki, a sarrafa shi da rediyo har ya faɗa kan jirgin ruwa. Da yake ana ƙera fukafukan da yawa kuma cikin sauri, ba sa fita daidai, sai an auna kowane ɗaya an lissafa gyaran da za a yi masa kafin bam ɗin ya tafi saiti. Zuse ya gina wata na'ura ta musamman, S1, don wannan lissafi, daga baya ya ƙara da S2 wadda ke karanta awon kai tsaye daga ma'aunai. Masana na yaba S2 a matsayin mafarin kwamfutocin da ke kula da aikin masana'anta. Bam ɗin da aka yi ta dominsa kuwa shi ne ya nutsar da jirgin ruwan yaƙin Birtaniya Egret a watan Agusta na 1943. Shi ne kuma ya nutsar da jirgin jigilar sojoji Rohna a gaɓar tekun Aljeriya a watan Nuwamban shekarar, inda fiye da mutum 1,000 suka mutu, akasarinsu sojojin Amurka.

Zuse bai shiga jam'iyyar Nazi ba, abokinsa Schreyer ne ya shiga. Haka kuma bai yi fice da adawa da gwamnatin ba. Ya ɗauki kansa injiniya mai neman wanda zai biya kuɗin aikinsa, kuma a Jamus ta 1941 mai biya guda ɗaya ne. Aikin makamai ya tsare shi daga fagen daga inda tsaransa ke mutuwa, ya ba shi damar kafa ƙaramin kamfaninsa a tsakiyar yaƙi, a daidai lokacin da masana'antun makaman ƙasar ke tafiya da ƙarfin mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye ana sa su aikin dole.

Gudu da na'ura ta huɗu

Bama-baman ƙawance da suka yi ta sauka a Berlin tsakanin ƙarshen 1943 da farkon 1944 sun cinye Z3, suka cinye Z1 da zanenta, har da gidan iyayensa. Z4 kaɗai ta tsira, wadda ake tsakiyar ginawa, ana ta matsar da ita daga wuri zuwa wuri. A watan Janairun 1945 ya auri Gisela Brandes, ba da daɗewa ba kuma aka fitar da na'urar daga birnin zuwa Göttingen. Wani rikicin suna ne ya taimaka. A lokacin V4 ake kiranta, harafin na nufin samfurin gwaji, amma jami'ai suka ɗauka 'yar'uwar makaman ramuwar gayya ce na V1 da V2 da Hitler ke taƙama da su, sai aka ba ta hanya.

Daga Göttingen aka umarce shi ya kai ta masana'antar ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da Nordhausen, inda ake harhaɗa rokar V2. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1970, Zuse ya ba da labarin cewa ya je wurin, ya ga halin da fursunonin da ke aikin dole suke ciki, ya ƙudurta ba zai kai na'urarsa can ba. Fursunoni kimanin 60,000 ne suka ratsa sansanin Mittelbau-Dora da ke ciyar da wannan masana'anta da ma'aikata, kusan 20,000 daga cikinsu ba su fita da rai ba. Zuse ya samu mota ya yi kudu, ya sauke Z4 a ƙauyen Hinterstein da ke cikin tsaunukan Bavariya, aka ɓoye ta a wata rumfar ajiya.

Nan ƙarshen yaƙi ya same shi, ba kuɗi, ba kayan aiki, ga matarsa da juna biyu. A watan Nuwamban 1945 aka haifi ɗansu na fari, Horst. Zanen da ya koya tun yana yaro ne ya ciyar da su: yana sassaƙa hotuna a jikin katako yana bugawa, yana sayar wa manoma da sojojin Amurka. Da yake ba halin taɓa ƙarfe, sai ya koma takarda, ya kammala wani tsarin rubuta umarni ga kwamfuta da ya sa wa suna Plankalkül. Har umarnin wasan dara na Turawa ya rubuta da shi don gwaji. Ana ɗaukar sa a matsayin yaren shirya manhaja na farko irinsa, amma sai a 1972 aka buga shi cikakke, lokacin da yarukan da aka ƙirƙira a Amurka irin su Fortran suka riga suka cika duniya.

A 1949 wani masanin lissafi daga Babbar Makarantar Fasaha ta Zurich a Suwizalan, Eduard Stiefel, ya ji labarin akwai wani inji a wani ƙauyen Jamus. Ya je Hopferau, inda aka mayar da Z4, ya ba Zuse wani lissafi nan take, na'urar ta warware shi. Makarantar ta ɗauki hayarta. Aka gyara ta, aka ƙara mata abubuwan da masu hayar suka nema, ciki har da ikon zaɓen hanya bisa sakamako, sannan aka kai ta Zurich a 1950. Ta yi aiki a can har 1955. Da ita aka yi wasu lissafe-lissafen madatsar ruwa ta Grande Dixence, da kuma na jirgin yaƙin Suwizalan P-16. Yanzu tana gidan adana kayan tarihi na Deutsches Museum a Munich, ita kaɗai ce ta asali da ta rage cikin na'urorinsa huɗu na farko.

Kamfani ya tashi, ya faɗi

Da kuɗin hayar Z4 ya tsayar da kamfanin Zuse KG, wanda aka kafa a 1949 a Neukirchen, daga baya ya koma Bad Hersfeld. Kamfanonin ƙera gilasan kyamara da hukumomin awon filaye su ne abokan cinikinsa na farko. Ya fitar da Z11 mai makunnan tarho, da Z22 mai kwalaben lantarki wadda jami'o'in Jamus da dama suka fara koyar da ilimin kwamfuta da ita, sai Z23 mai tiransisto. Gaba ɗaya kamfanin ya ƙera kwamfutoci kimanin 250.

Sai dai kasuwar ta fi ƙarfinsa. Manyan kamfanonin Amurka, musamman IBM, na da jarin ba da injinansu haya da ɗaukar nauyin rubuta manhaja, abin da ƙaramin kamfani ba zai jure ba. Bashi ya taru. A 1964 kamfanin ya fita daga hannunsa zuwa Brown Boveri, a 1967 Siemens ya karɓi mafi yawan hannun jari, bayan 'yan shekaru kuma aka shafe sunan Zuse daga jikin kamfanin.

A shekarar 1967 ɗin ce kuma wani bugun ya same shi. Tun 1941 ya shigar da takardar neman haƙƙin mallakar ƙirƙirar Z3. Wasu kamfanonin injinan ofis suka ƙalubalance ta, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara 26. A ƙarshe kotun da ke kula da irin waɗannan ƙararraki a Jamus ta Yamma ta yi watsi da buƙatar, bisa hujjar cewa ƙirƙirar ba ta kai matsayin da za a ba ta kariya ba. Yana ɗan shekara 57 ya wayi gari ba kamfani, ba haƙƙin mallaka, littattafan tarihin kwamfuta kuma da Turancin Ingilishi ake rubuta su, suna farawa daga Amurka. Ya koma zanen hotuna, wasu yana sa musu hannu da sunan aro, Kuno See. A 1969 ya buga wani ɗan littafi da ke hasashen cewa sararin samaniya kansa na iya zama yana tafiya ne kamar wata babbar na'urar lissafi.

Karramawa ta zo a hankali. An ba shi lambar yabo ta Harry Goode a Amurka a 1965, jami'o'i suka yi ta ba shi digirin girmamawa, a 1984 kuma aka kafa cibiyar binciken lissafi da kwamfuta mai ɗauke da sunansa a Berlin. Amma ya san takarda ba ta kai abin da ido ya gani ba. Wanda ya ce shi ya fara, sai ya nuna abin da ya fara da shi. Tun a farkon shekarun 1960 kamfaninsa ya sake gina Z3 don nunawa. Z1 ce ta rage, wadda ba mai iya dawo da ita sai shi.

Aikin ƙarshe

Siemens da wasu kamfanoni suka ɗauki nauyin aikin, wanda ya ci kimanin mak 800,000 na kuɗin Jamus ta Yamma. Zuse ya sake zana sassan ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai biyu na taya shi harhaɗawa a gidansa na Hünfeld. Ana tsakiyar aiki ciwon zuciya ya kwantar da shi. Da ya murmure ya koma kai. A 1989 aka kammala, aka kai na'urar gidan adana kayan fasaha na Berlin, wanda yanzu ake kira Deutsches Technikmuseum.

Wadda aka gina ɗin ba ita ce ta falon Kreuzberg ba, kuma ba yadda za a yi ta zama ita. Ta farko da zarton hannu aka yanka ta, ta biyu injinan zamani ne suka fitar da sassanta. Ta farko saurayi ɗan shekara 26 ne ya zana ta yana laluben hanya, ta biyu dattijo ne da ya riga ya ƙera Z3 da Z4 da duk waɗanda suka biyo baya, kuma ba wanda zai iya tantance inda tunawa ta tsaya, inda gogewar shekara 50 ta shiga. Farfesa Raúl Rojas na Jami'ar Freie ta Berlin, ɗan asalin Meziko wanda ya shafe shekaru yana nazarin injinan Zuse, ya ja hankali kan wannan batu. Shi ne kuma ya nuna a 1998 cewa da wasu dabaru na lissafi, Z3 na iya yin duk abin da kwamfuta ke yi, ko da a aikace ba mai bin wannan doguwar hanya.

Abu ɗaya ne sabuwar Z1 ta gada daga tsohuwar ba tare da an nema ba: ita ma tana cijewa. Zuse ya yi ta fama da gyaranta.

Bai daina ƙirƙira ba har ƙarshe. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a kan wata hasumiya mai harhaɗa kanta tana tsawo, tana kuma iya kwance kanta. A watan Maris na 1995, a bikin baje kolin kwamfuta na CeBIT da ke Hannover, ya haɗu da Bill Gates, ya ba shi hotonsa da ya zana da hannunsa. Ranar 18 ga Disamba, 1995, Konrad Zuse ya rasu a Hünfeld yana da shekara 85. A 2010, cikar shekara 100 da haihuwarsa, Jamus ta buga tsabar yuro 10 don tunawa da shi, ɗansa Horst kuma, wanda ya zama farfesan ilimin kwamfuta, ya sake gina wata Z3 da makunnan zamani.

Zuse ya sami abin da ya nema. Mai ziyara a Berlin na iya tsayawa gaban Z1 ya ga fallayen ƙarfen da aka jera hawa-hawa, ya gane cewa lissafin sifili da ɗaya da ke cikin wayarsa ya taɓa zama abin da ake yankawa da zarto a falon ma'aikacin gidan waya. S1 da S2, na'urorin da suka daidaita fukafukan bam, sun ɓace a ƙarshen yaƙi, kuma ba su ne ya zaɓi ya sake ginawa ba. Matashin da ke koyon shirya manhaja a yau, wanda watarana gwamnati ko kamfani zai miƙa masa kwangilar na'urar sa ido ko jirgi marar matuƙi, yana da buƙatar sanin labarin waɗannan biyun kamar yadda ya san na Z1. Mutum ɗaya ne ya ƙera su duka, a birni ɗaya, cikin shekarun da ba su kai goma ba.